Jawabi A Kan Tashar Jirgin Ƙasa Ta Kano



Jirgin ƙasa ya fara isa Kano a 1911. An gina tashar a bayan ganuwa, kusa da Fagge. Tsakanin ƙarafan layin dogon bai wuce ƙafa uku da rabi ba, amma ya kai har Ikko.

Ga abin mamaki. Auduga Turawa suka sa rai za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoma kuwa suka yi lissafi, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi. Ko ba ta sayu ba, a ci. Sai suka duƙufa nomanta. Buhuna suka fi ƙarfin taragu, aka riƙa tara su kamar tsauni. Dalar gyaɗa ke nan. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 ne suka karya ta.