Wa Ya Zaɓe Su?

Iyayenmu da 'yan'uwa manoma, ku kasa kunne.

A da, in an ce mai iko, sai a dubi fadar Sarki ko gidan Gwamna. Yau akwai masu iko marasa rawani, suna can Amurka: manyan kamfanonin intanet da ke cikin wayoyin 'ya'yanku. A Janairun 2021 Facebook da Twitter suka rufe bakin Shugaban Amurka, Donald Trump, yana bisa mulki. A watan Yunin shekarar nan Twitter ya goge maganar Shugaba Buhari. Gwamnati ta toshe shi wata bakwai, 'yan kasuwarmu masu talla a kansa suka tafka asara.

To, ana iya tanƙwara su? Ƙwarai kuwa, da doka. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda ya yi da bayanan 'yan ƙasa.

Kamfani ba ku kuka zaɓe shi ba, ba ku iya tsige shi. Amma ɗan majalisa mai tsara doka, ƙuri'arku ke kai shi. Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku dangwala wa jam'iyyarmu.

Allah ya ba mu nasara.