Ɗalibin Lissafi da Madatsun Ruwan Jihar Neja

Akwai wata tambaya da iyaye da yawa kan yi idan ɗansu ya sami gurbin karatun lissafi a jami'a, watau: in ya gama, wane aiki zai yi ban da koyarwa? Tambaya ce da ta cancanci amsa, domin akan sami yaro mai basira ya ƙi karɓar gurbin, ya zauna gida shekara biyu ko uku yana jiran a ɗauke shi karatun likita. Wannan jawabi zai amsa ta ne da misalin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da irin aikin da ke jiran ɗalibanta a jihar da aka gina ta.

Da farko ya kamata a san abin da ake nufi da lissafin aiki. Shi ne reshen ilmin lissafi da ke ɗaukar wata matsala ta rayuwa, kamar cikar kogi, ko yaɗuwar cuta, ko rabon taki ga gonaki, ya mai da ita lambobi da ƙa'idoji, ya warware ta a takarda ko a kwamfuta, sa'an nan ya mayar wa masu aikin amsar da za su yi amfani da ita. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk malamin da ya taɓa raba gado ya yi shi, kuma kashi mai yawa na littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 a kan matsalolin gado da wasiyya yake. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya rubuta littafi a kan hatiman lambobi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. A zamanin nan kuwa, Farfesa Iya Abubakar ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya koyar da lissafi a Zariya, har ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'ar Minna ranar 1 ga Fabrairu, 1983, Farfesa J. O. Ndagi shi ne shugabanta na farko. Tana da mazauni biyu, ɗaya a Bosso, babban kuma a Gidan Kwano bisa hanyar Bida. Mai neman shiga sashen lissafi sai ya zo da kiredit biyar na ƙarshen sakandare, waɗanda suka haɗa da Turanci da lissafi da fiziks, ya kuma ci jarrabawar JAMB. Karatun digirin farko shekara biyar ne, kamar yadda yake a jami'o'in fasaha.

To, me ya haɗa wannan ɗalibi da madatsun ruwa? Jihar Neja ita ce gidan wutar lantarkin da ake samu daga ruwa a Nijeriya. A bisa kogin Kwara akwai madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, mai ƙarfin megawat 760, sai ta Jebba a kan iyaka da Jihar Kwara. A bisa kogin Kaduna akwai ta Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, mai megawat 600, a ƙasa da ita kuma akwai ta Zungeru mai megawat 700. Kowace daga cikinsu da lissafi ake tafiyar da ita kullum rana ta Allah.

Ga yadda abin yake. Idan ruwan sama mai zurfin milimita 10 ya sauka a fili mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya, ruwan da ya zuba ya kai kubik mita 10,000. Wani ƙasa za ta shanye, wani rana za ta ƙafar, saura ya gangara kogi ya iso tafkin madatsa bayan wasu kwanaki. Kubik mita ɗaya na ruwa nauyinsa kilo 1,000 ne, kuma in yana faɗowa daga tsayin mita 100 a kowace daƙiƙa, ƙarfinsa ya kusa megawat ɗaya, kafin a cire abin da injuna ke ɓatarwa. Saboda haka mai kula da madatsa kullum yana tsakanin hatsari biyu. In ya saki ruwa da wuri, tafki zai ja baya, wuta ta ragu da rani. In ya riƙe shi har tafki ya cika maƙil a watan Satumba, tilas ya buɗe ƙofofi gaba ɗaya, ruwa ya mamaye gonakin shinkafa da ƙauyukan da ke ƙasa. Daɗin daɗawa, ruwan da Shiroro ta saki shi ne Zungeru za ta karɓa, watau ba a yi wa ɗaya lissafi ba tare da ɗayar ba. Neman matsakaicin da ya fi amfani tsakanin waɗannan hatsarori, shi ne ainihin abin da ake koya wa ɗalibin lissafin aiki.

Abin bai tsaya ga madatsu ba. A ƙarshen watan Mayu na 2025, ruwan sama mai ƙarfi ya haddasa ambaliya a garin Mokwa, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Babu mai hana ruwa sauka, amma ana iya auna yawan ruwan da kwari ko kwalbati zai iya ɗauka, a san unguwar da za ta fara nutsewa, a gargaɗi mazaunanta. Hukumar kula da yanayi, NiMet, da hukumar kula da koguna, NIHSA, kowace shekara sukan fitar da hasashen damina da na ambaliya, hasashen nan kuwa da lissafi da ƙididdiga ake gina shi.

Ɗalibin da ke son ya kai ga irin wannan aiki, lalle ne ya san cewa abin da ake koya a aji kaɗai ba zai ishe shi ba. Akwai hanyoyi huɗu da ya kamata ya riƙe. Ta farko ita ce horon sanin makamar aiki da ake kira SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973. A shekara ta huɗu ɗalibi kan yi wata shida a wata ma'aikata. Mai hankali tun da wuri yake neman wurin da ake aiki da lambobi na gaske, kamar tashar wuta, ko ofishin ƙididdiga, ko Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi kusa da Bida, maimakon ofishin da zai wuni yana zaman kashe wando.

Ta biyu ita ce ƙungiyar ɗaliban lissafi ta ƙasa, NAMSSN, inda manya kan yi wa na ƙasa da su bitar darussa, wanda kuwa ya koya wa wani, shi ma karatunsa ya zauna. Ta uku gasa ce. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take kuma Sheda kusa da Kwali a Babban Birnin Tarayya, takan shirya gasar lissafi tsakanin ɗaliban jami'o'i, da kwasa-kwasan ƙarin ilmi. Ta huɗu ita ce kundin bincike na shekarar ƙarshe. Ya fi kyau ɗalibi ya zaɓi matsalar da ke kusa da shi, kamar ruwan kogin Chanchaga, ko farashin doya a kasuwa, ya tattara alƙalumansa da kansa, ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni don ta warware su. Kundi irin wannan shi ne shaidar da zai nuna wa mai ɗaukar aiki.

Bayan digiri kuma ƙofofi na nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da Babban Bankin Nijeriya, da kamfanonin inshora da na sadarwa duk suna ɗaukar masu lissafi, haka nan hukumar jarrabawa ta NECO, wadda hedkwatarta ke cikin Minna. Mai son ƙarin karatu yana iya neman Cibiyar Ilmin Lissafi ta Afirka, AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, take da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda. Tana ɗaukar ɗaliban Afirka maza da mata digiri na biyu, ta ɗauke wa waɗanda ta zaɓa nauyin karatu da masauki da abinci. Ga wanda kuɗin makaranta ya gagara tun a digirin farko, dokar bashin karatu ta 2024 ta kafa asusun NELFUND, wanda ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance ba tare da kuɗin ruwa ba.

Saboda haka ana kira ga iyaye da malaman sakandare, in sun ga yaro, namiji ko mace, hannunsa ya faɗa a lissafi, su ƙarfafa masa gwiwa ya karɓi gurbin in ya samu. Ana kuma kira ga ɗaliban da ke ciki yanzu da su nemi wurin horonsu tun suna shekara ta uku, su zaɓi kundin da zai amfani garinsu. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya. Wassalam.