KASAFIN KUƊIN TARAYYA: INA RABONKU A CIKI?

Wanda Allah ya ba karatu a cikinku, don Allah ya ɗaga murya ya karanta wa na kusa da shi, kuma kada ya yi sauri, domin yau maganar lissafi ce.

Kafin in shiga wannan aiki na jam'iyya ni malamin firamare ne, shekara biyar ina riƙe da alli. Saboda haka in kuka ji ina ta maimaita adadi kamar ina gaban allo, ku yi haƙuri da ni, hali ne.

Kowace shekara, wajen lokacin kaka, kukan ji a rediyo an ce Shugaban Ƙasa ya tafi Majalisa ya gabatar da kasafin kuɗi. A kira tiriliyan kaza, a yi tafi, shi ke nan sai a shiga wani labarin. Da yawanmu mukan ɗauka wannan zancen mutanen Abuja ne. To, kasafin kuɗi ba wani abu ba ne illa irin abin da kowane magidanci ke yi in ya gama ɗaurin dami. Yakan zauna ya ce wannan na ci ne, wannan iri, wannan zakka, wannan na mai bina bashi, wannan kuma na auren 'yata. Ita ma gwamnati haka take yi, sai dai rumbun da take rabawa na mu duka ne.

Bari mu ɗauki na shekarar 2025 mu buɗe shi. Ranar 18 ga Disamba 2024, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya tsaya gaban Majalisar Dattawa da ta Wakilai ya ce gwamnatinsa za ta kashe Naira tiriliyan 49.7. Tiriliyan ɗaya watau miliyan ɗaya a jera ta sau miliyan. Ni ma kaina ba ya ɗaukar wannan adadi, don haka mu mai da shi dami. Ku ɗauka duk kasafin dami 100 ne na gero.

A cikin damin nan 100, kusan 32 an ware su ne don biyan bashi da kuɗin ruwansa, watau Naira tiriliyan 15.8. Tsaro, da soja da 'yan sanda da sauransu, dami 10. Hanyoyi da gadoji da manyan ayyuka, dami 8. Ilimi, dami 7. Lafiya, dami 5. Ragowar kuma na sauran ma'aikatu ne da fansho da hukumomin da doka ta yanka wa kaso. Yanzu ku haɗa da ni: 10 da 8 da 7 da 5, talatin ke nan. Ashe tsaro da hanya da makaranta da asibiti, duk huɗun in an tara su wuri ɗaya, ba su kai abin da mai bin bashi shi kaɗai zai ɗauka ba.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya wannan bashi ba gwamnati ɗaya ce ta ciwo shi ba, an daɗe ana tara shi. Amma a cikin wannan kasafi ɗin ma an faɗa a fili cewa abin da za a samu ba zai isa ba, akwai giɓin sama da tiriliyan 13, kuma yawancinsa da sabon rance za a cike shi. Duk manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da bazara don ya biya ninki da kaka ya san inda wannan hanya take kaiwa. Bana ka auna wa mai bashi kashi ɗaya cikin uku tun a bakin masussuka, sa'an nan ka koma gidansa da damina ka sake karɓa.

Wani dattijo zai ce, "Malam, ai mu ba ma biyan haraji, an soke shi tuni." Baba, ka yi gaskiya ta wani gefen. Ni ban ga zamanin ba, amma kakana ya sha ba ni labarin yadda magidanci kan sayar da akuyar matarsa, ko ya tsere daji ya kwana, in lokacin haraji ya zo babu kuɗi a hannu, da yadda Fulani kan ɓoye shanu saboda jangali. A 1979 ne Gwamna Abubakar Rimi a jihar Kano da Gwamna Balarabe Musa a jihar Kaduna suka soke haraji da jangali, kuma har yau akwai tsofaffin da in aka tuna musu ranar sai su yi hamdala. Amma harajin da ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga, kuma wannan ba ya zuwa da dogari, ba ya ba da rasit. Akwai wanda ake kira VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye. Da Naira 5 ne a kan kowace ɗari, a watan Fabrairu na 2020, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, aka mai da shi Naira 7 da kwabo 50. In ka sayi katin waya ka biya shi. In ka sayi siminti ko kwanon rufi ko batir, yana ciki. Mai kanti ba zai ce maka ga harajinka ba, yana narke ne a cikin farashi kamar gishiri a miya.

Babba kuwa shi ne na mai. Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabin rantsuwa, aka ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 kuma aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Ba sai na gaya muku abin da ya biyo baya ba. Mai injin ban ruwa a fadama ya sani, mai kai buhu kasuwa a bayan a-kori-kura ya sani, matar da ke kai markaɗe ta sani. Hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta ce a Disamban 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kusan kashi 35 cikin ɗari a kan ta Disamban 2023.

To, kuɗin da aka daina kashewa a kan tallafi ai ba ƙonewa suka yi ba. Sun shiga asusun tarayya, inda ake zama kowane wata a raba: a cikin kowace Naira ɗari Gwamnatin Tarayya ta ɗauki kusan 53, jihohi kusan 27, ƙananan hukumomi 774 kuma kusan 21. Tun da aka cire tallafin, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa ya ƙaru ƙwarai. Har ma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kada ya bi ta hannun gwamna. Ku ne za ku gaya mini ko kun ga alamar wannan ƙari a rijiyar burtsatsenku, ko a ɗakin shan maganin garinku.

Zan faɗi abin da aka yi don sauƙaƙawa, domin ba na son wani ya zo bayana ya ce na ɓoye. A Oktoban 2023 an ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 kowane wata har wata uku, jimla 75,000. An dakatar da shi a Janairun 2024 don bincike, daga baya aka ci gaba. Wanda ya samu a nan, Allah ya sa masa albarka, amma ya auna 75,000 ɗin da kuɗin taki da na maganin feshi na damina ɗaya. A Yulin 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, wannan kuwa na mai albashi ne, manomi ba ya cikin layin. Sa'an nan ranar 26 ga Yuni 2025 aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsara su fara aiki daga Janairun 2026. A cikinsu an ce wanda samunsa bai wuce Naira 800,000 a shekara ba, ba zai biya harajin samu ba, kuma an bar VAT a 7.5 ba a ƙara ba, an kuma tsame abincin yau da kullum daga cikinsa. Wannan ya yi kyau, na yarda. Sai dai mafi yawanku dama can ba a taɓa yanke muku harajin albashi ba, don haka an yafe muku abin da ba ku biya ne, wanda kuke biya a gidan mai kuwa yana nan.

Dami 5 ɗin nan na lafiya ina so ku riƙe shi. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a ƙasarmu, suka yi alkawari kowace ƙasa za ta ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinta. Bayan shekara 24 ga mu a kan 5. A 2003 kuma a Maputo, babban birnin Mozambik, aka yi alkawarin ba noma kashi 10. Ba mu taɓa zuwa ko kusa ba, alhali kuwa noma ne ke ciyar da ƙasar.

Har wa yau, abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. An gina kasafin 2025 a kan zaton za a haƙo gangar mai sama da miliyan 2 kowace rana, a sayar da kowace ganga dala 75. Ba a haƙo haka ba, kuma yawancin shekarar farashin bai kai haka ba. In kuɗi suka gaza, mai bashi ba ya jira, albashi ma dole ne, saboda haka abin da ake fara tsallakewa shi ne aikin gini, watau hanyarku da ajinku. Ayyukan kasafin 2024 ma sai da aka yi ta ɗage wa'adinsu har zuwa ƙarshen 2025. Na san wannan da idona. Makarantar da na koyar, iskar farkon damina ta yaye rufin aji biyu. Aka zo aka auna, aka ɗauki hoto, aka ce an sa a takarda. Damina biyu ina haɗa 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki guda, yara sama da ɗari a ƙasa, in hadari ya taso in sallame su. Har na bar aikin ba a kafa ƙusa ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Shugaban Ƙasa ba shi da ikon taɓa kwabo a baitulmali sai Majalisa ta amince. Wakilai 360 da sanatoci 109 su ne ke zama su duba takardar nan layi layi, su rage, su ƙara. Kasafin da aka kai musu a kan tiriliyan 49.7, bayan ƙarin da Shugaban ya nema da wanda su ma suka yi, ya fito a kan 54.99, aka sa masa hannu ranar 28 ga Fabrairu 2025. Ƙarin sama da tiriliyan 5 ke nan cikin wata biyu da 'yan kwanaki. A cikin mutanen da suka zauna a kan wannan ƙari akwai ɗaya da ƙuri'ar garin nan ta kai shi, da sanata guda mai wakiltar shiyyarmu. Ban da wannan, an saba ware Naira biliyan 100 kowace shekara don ayyukan mazaɓu, inda kowane ɗan majalisa ke nuna abin da yake so a yi wa mutanensa. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun waɗannan ayyuka, kuma ta sha tarar da waɗanda aka biya kuɗinsu ba a yi ba, ko aka fara aka watsar.

Mu kuwa ranar zaɓe hankalinmu duk yana kan takardar Shugaban Ƙasa. Sauran biyun da ake miƙo mana tare da ita, ta sanata da ta ɗan Majalisar Wakilai, sai mu dangwala duk inda aka nuna mana, ko inda sabulu da taliya suka fito. Iyaye mata, ku yi haƙuri in na taɓo nan: sabulun nan ba ya kai sati biyu, wanda ya ba ku shi kuwa zai zauna a kan kasafi huɗu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu da suke zuwa da ƙafarsu, suna durƙusawa gaban mai gari, ku tsayar da su. Wanda ya taɓa zuwa Majalisa ku ce masa ya kira sunan aikin da ya sa wa mazaɓar nan a kasafi, da kuɗinsa, da garin da yake, sa'an nan ku tashi samari biyu a babur su je su gano. Wanda yake nema karo na farko ku tambaye shi ko zai ɗaga hannu in an kawo sabon rance, da abin da zai nema a yi da shi kafin ya ɗaga. Ɗan takarar jam'iyyarmu ma kada ku raga masa don ni na kawo shi. Na gaya masa a gaban shugabannin mazaɓa cewa za ku yi masa waɗannan tambayoyi, kuma ya amsa zai riƙa zuwa bayan kowane kasafi ya karanta muku kason mazaɓar nan da Hausa a dandalin kasuwa. In ya zo, ku sa ya maimaita wannan magana da bakinsa, malamai su shaida.

Wanda katin zaɓensa ya ɓata ko bai karɓa ba, ya ga sakataren mazaɓa kafin kasuwa mai zuwa, za a haɗa ku a tafi ofishin hukumar zaɓe tare. Masu tambaya a kan lissafin nan kuma, ina nan zaure har bayan la'asar.