Ba Kowace Mantuwa Ce Sakaci Ba

 

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Abin da ya same ni a shekarar 2022 shi ya ba ni bakin magana a yau. Ku da muka zauna aji ɗaya kun san ni da saurin hadda. Amma a wannan shekara sai na wayi gari ina karanta fayil sau uku a ofis ban riƙe komai ba. Ran nan na fito daga gidanmu a Shahuci, sai da na kai Kasuwar Rimi na tsaya ina tambayar kaina abin da ya fito da ni. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce lalaci. Da na je asibiti likita ya ce ciwon damuwa ne, a bakinsa kuma na fara jin sunan sirotonin.

Shi sirotonin wani sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, tamkar masinja tsakanin ofisoshi. Masana a Amurka suka tace shi daga jini, suka raɗa masa suna a 1948. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, amma na hanji ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa. Ita take haɗa nata daga wani sinadarin abinci mai suna tiriftofan, wanda ake samu a gyaɗa, wake, riɗi, ƙwai, nono da kifi. Daga sirotonin ɗin ne kuma jiki ke yin sinadarin da ke daidaita barci.

An sha yin gwaji a Turai: a rage wa masu lafiya tiriftofan na 'yan sa'o'i, a ba su jerin kalmomi su haddace. Da aka tambaye su daga baya, abin da suka tuna bai kai na sauran ba. Wato hannunsa ya fi bayyana wajen ajiye sabon karatu ya zauna. Yana kuma taimaka wa mutum ya dakata ya yi tunani kafin ya yanke hukunci. Sai dai kada mu ɗauka shi kaɗai ne. Wani babban nazari da ya fito a Ingila a 2022 bai sami tabbatacciyar hujja cewa ƙarancinsa ne ke jawo ciwon damuwa ba. Gado, baƙin ciki, matsin rayuwa da rashin barci duk suna da nasu kason.

Ga inda nake son mu lura. Ƙwayar tramadol da wasu ƙannenmu ke sha wai don ƙarfin aiki ko karatun jarrabawa tana hargitsa wannan sinadari. Idan ta yi yawa, ko aka haɗa ta da maganin damuwa, tana iya kawo zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa har da farfaɗiya. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, amma tsaron ƙannenmu a wuyanmu yake.

Ni dai wata shida na yi ina shan magani a hannun likita, na gyara barcina, na koma takawa da ƙafa da hantsi. Alhamdu lillahi, hankalina ya dawo jikina.

Malamai, in yaro mai ƙoƙari ya koma mantuwa, a bincika kafin a ɗauki bulala. 'Yan'uwa, wanda ya ji irin abin da na ji kada ya tsaya kemis. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, zuwa can ba abin kunya ba ne. Lafiya uwar jiki.