Ƙanƙara a Jikin Jirgin Sama

Jama'a, wanda ya san zafin Maiduguri zai yi mamakin jin cewa ƙanƙara takan kama jirgin da ya tashi daga can. To, sanyi yana ƙaruwa da hawa sama. Wajen kilomita 5, cikin hadarin damina, akwai ɗigon ruwa mai tsananin sanyi wanda bai daskare ba. Da jirgi ya taɓa shi sai ya daskare a fiffike, nauyi ya ƙaru, iska ta kasa ɗaga jirgin sosai. Ƙanƙara takan kuma toshe na'urorin awo. Ita ta toshe ma'aunin injin jirgin Air Algérie da ya taso daga Wagadugu ran 24 ga Yuli, 2014. Ya faɗi a Mali, mutum 116 suka rasu.