Yadda Ake Auna Gwanintar Mai Sana'a

Wannan jawabi ne da aka gabatar a gaban wani taron masu sana'ar hannu a garin Jos. An buga shi a nan domin amfanin 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu.

Batun da za a tattauna a yau shi ne yadda ake auna gwanintar mai sana'a, da kuma dalilin da ya sa ya kamata kowane kafinta da magini da makanike da mai walda ya nemi a auna tasa.

A bisa al'adar ƙasar Hausa, ubangida shi ne alƙalin yaronsa. Yaro yakan shekara biyar ko shida a shago, ya fara daga shara da miƙa guduma har ya kai ga karɓar aiki shi kaɗai, sa'an nan a yaye shi. Wannan awo ne mai kyau, gama ubangida ya ga aikin yaron da idonsa dare da rana. Illarsa guda ɗaya ce: shaidar ba ta wuce inda aka san ubangidan. Wanda ya ƙware a Kasuwar Katako ko a Dilimi, in ya sauka Apapa neman aiki, ba wanda zai tambaye shi sunan maigidansa. Takarda za a ce ya kawo, in kuwa babu, sai a ɗauke shi a matsayin lebura, a biya shi kuɗin lebura, alhali aikin gwani yake yi.

Mutanen Jos sun san wannan ciwo. Kamfanonin haƙar kuza na Bukuru da kewayenta sun horar da makanikai da masu aikin lantarki da direbobin manyan injuna masu ɗimbin yawa. Da aikin kuza ya ja baya, musamman bayan faɗuwar farashinta a kasuwar duniya cikin 1985, sai ma'aikata suka watsu neman abinci. Wanda yake riƙe da takardar shaida ya sami abin nunawa a duk inda ya je. Wanda ba shi da ita kuwa sai rantsuwa.

To, hanyoyin samun wannan shaida suna nan, kuma ba ɗaya ba ce. Ta farko ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ma'aikata suka fi sani da tiredi tes. Hawa uku gare ta: ana farawa daga aji na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya. Ana yi wa mutum tambayoyi game da ka'idojin sana'arsa, amma ƙashin bayanta shi ne gwajin hannu, inda za a ba shi kayan aiki a ce ya yi a gani. Ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni sun daɗe suna dubanta wajen ɗaukar masu sana'a da yi musu ƙarin girma.

Ta biyu ta 'yan makaranta ce. Makarantar koyon sana'a ta Bukuru, wadda aka kafa tun zamanin Turawa, ɗalibanta a dā jarrabawar City and Guilds ta London suke ɗauka. Cikin 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NABTEB mai hedkwata a Binin, ta karɓi aikin shirya wa makarantun fasaha jarrabawa. Haka nan a nan Jos ne hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu take, wato ITF, wanda aka kafa da doka mai lamba 47 ta 1971. Cikin 1973 Asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES, saboda kukan da masu masana'antu suke yi cewa ɗalibai suna fitowa daga manyan makarantu da ilmi a ka, amma ba su taɓa riƙe sifana ba. A ƙarƙashin shirin ɗalibi yakan tafi wurin aiki na wasu watanni, yana rubuta abin da ya yi a littafi, mai kula da shi yana sa hannu.

Ta uku ita ce sabuwa, kuma ita ta fi dacewa da wanda ya koyi sana'a a shago. Cikin 2013 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tsarin auna ƙwarewa na ƙasa, wanda Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NBTE, take lura da shi. A wannan tsari mai aunawa yakan je har inda mutum yake aiki, ya tsaya ya ga yadda yake awo, yadda yake riƙe kayan aiki, da yadda yake kiyaye lafiyarsa da ta abokan aikinsa. Tsarin ya kuma yarda a lissafa abin da mutum ya riga ya koya a wajen makaranta. Gani ya kori ji.

Sai dai wajibi ne a faɗi ɗaya gefen maganar. Takarda ba ta da wata daraja in ba aiki a bayanta. Duk inda aka sayi takardar shaida da kuɗi, ko malami ya sa hannu a littafin ɗalibin da bai taɓa leƙa wurin aiki ba, an cuci mutum biyu: gwanin da takardarsa ta gaskiya ta zama abin zargi, da kuma talakan da zai kwana cikin ɗakin da aka gina ko ya shiga motar da aka gyara. Ranar 12 ga Yuli 2024 wani benen makaranta ya rushe a unguwar Busa Buji ta nan Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Allah ya ji ƙansu. Kowane gini yana bi ta hannun injiniya da mai ɗaurin rodi da mai kwaɓa siminti da magini, saboda haka auna gwanintar kowannensu da gaskiya magana ce ta rai.

'Yan'uwa da ke Kudu sun ga yadda 'yan kwangila a Ikko suke ɗauko masu shimfiɗa tayil da masu aikin filasta daga Kwatano da Togo, suna cewa aikinsu ya fi tsabta. Fushi ba zai yi maganin wannan ba. Maganinsa shi ne a gyara hannu, sa'an nan a nemi shaidar da za ta tabbatar wa baƙo cewa hannun ya gyaru.

Saboda haka ana kira ga kowane mai sana'a da ya je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago na jihar da yake zaune ya nemi bayani da kansa, kada ya bi ta hannun dillali. Ana kira ga iyayen gida su tura yaransu gwaji kafin su yaye su, gama cin jarrabawar yaro yabo ne ga wanda ya koya masa. Ana kuma kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a na Agege da Idi Araba da Sabon Badun su tara sunayen masu sana'arsu, su taimaki waɗanda ba su iya cika takarda ba. Masu aunawa su ma su ji tsoron Allah, su auna abin da idonsu ya gani.

Allah ya sa albarka cikin neman kowa.