Hannun Wa Ne, Laifin Wa Ne? Jawabi A Taron Ƙungiya A Agege

 Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin kasuwa, shugabannin direbobi da na 'yan acaba, jama'a barkanmu da zuwa.

An ce mu yi magana a kan haɗarin mota, da yadda ake gane mai gaskiya da mai laifi. Mu dai 'yan kasuwa ne, albasa muka sani, amma kayanmu a kan titi yake kwana, yaranmu kuma a kan titi suke neman abinci. Shi ya sa muka amsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne, a nan kudu haɗari ba ya tsayawa a haɗari. A gida in babur ya buge mutum, maganar mutum biyu ce. A nan kuwa kafin a ɗaga wanda ya faɗi, an riga an tambayi yaren wanda ya buge shi. Duk mun tuna rikicin Mil 12 na watan Maris 2016, wanda ya taso daga rigimar ɗan acaba a kan titi, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje, gwamnati ta rufe kasuwa. Masu tumatir da ba su taɓa hawa babur ɗin ba su suka yi asara.

To, ga ƙa'ida. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972, muna goye a lokacin, Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Saboda haka a shataletale wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Mai fitowa daga lungu zai jira na babban titi. Wanda ya daki mota ta baya, galibi shi ake ɗora wa laifi, don shi ya kamata ya bar tazara. In danja ta nuna ja ka wuce, ko ka bi wanwe, ba ka da ta cewa, kuma a Legas dokar wanwe tana iya kai mutum ga rasa abin hawansa gaba ɗaya.

Akwai wata fahimta da ta zauna mana, wai babba shi ke da hanya, in kuma an yi karo babba shi ke da laifi. Duka biyun ba haka ba ne. Tirela ba ta da wani hannu na daban, ɗan acaba kuma ƙanƙantarsa ba ta wanke shi. Bara wata motar kayanmu ta lalace da dare a hanyar Ibadan, yaron mota ya karyo ganye ya zuba a baya, babu alamar nan mai ƙyalli, babu fitila. Wata bas ta zo ta dake ta. Direbanmu ya dage shi aka buga ta baya. Muka ce masa a'a, wannan karon da namu a ciki. Muka biya kuɗin asibiti, kuma wallahi ba mu yi nadama ba.

Wasu za su ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke lamuni. A Islamiyya an karantar da mu a Risala cewa mai hawan dabba, da mai janta, da mai korarta, suna lamunin abin da ta tattake. In haka ne ga jaki, ina ga mai riƙe da sitiyarin mota mai taya goma sha takwas? Kisan kuskure kuma yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92. Malamai na nan, su gyara mana in mun yi kuskure.

Sai maganar inshora. Ta ɓangare na uku wajibi ce a doka, kuma amfaninta biyan wanda ka yi wa ɓarna. Da yawanmu takardar bogi muke saye a bakin tasha don a nuna wa 'yan sanda, ran da abu ya faru sai a ga kamfanin ma babu shi.

In an yi haɗari, a fara da kai mai rauni asibiti. A ɗauki hoton yadda motocin suka tsaya kafin a matsar da su, a samu shaida ko da mutum biyu. In jama'a sun taso da duwatsu, direba ya nufi caji ofis mafi kusa ya kai kansa, kada ya gudu unguwa ya jawo mana taron. Sannan a kira 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra, hukumar da aka kafa tun 1988 don wannan aiki.

Roƙonmu ga Sarki, a naɗa dattawa uku masu jin Yarbanci waɗanda za a riƙa kira ko da tsakar dare ne, su isa wurin kafin matasa su isa. Mu mun ɗauki nauyin kuɗin motarsu na wata shida.